Ba a Mayar da Kwano Fanko

Kafin mu dawo daga kai Kaka makwancinta an riga an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin lungu. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma, wannan kowa ya faɗa mana, mun kuma amsa. Sai dai abin da masu gaisuwa suka riƙa ɗorawa a kai shi ne ya hana ni sukuni.

'Yan Kantin Kwari, abokan cinikin Baffa, yayan mahaifina, sun zo rukuni-rukuni da manyan riguna. Kowanne ya durƙusa sai ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya, baiwar Allah mai haƙuri, ba ruwanta da maganar kowa." Ina gefe ina amsa amin, ina ce wa raina waɗannan wata gawar suka zo wa gaisuwa. Matar da na sani ba ta taɓa ganin magana a ƙasa ta tsallake ta ba. A cikin gida kuwa wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Yanzu kuma wa zai riƙa faɗa mana gaskiya muna jin haushi?" Ita kaɗai ce ta yi wa Kaka ta'aziyyar da ta dace da ita.

Bayan la'asar wasu mata biyu suka sauka daga adaidaita sahu. Ɗaya Bayarabiya ce haifaffiyar Fagge, tsohuwar malamar makaranta, wadda ke kula da ɗakin karatu na wani ɗan gidan adana kayan tarihi a gefen Sabon Gari. Ɗayar dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ibo, da sanda a hannu da ɗankwali ɗaure tam. Mutanen rumfa suka bi su da kallo har suka shige. Baffa ya juyo ya dube ni, ni ma na dube shi. Mu biyu mun san abin da ya haɗa su da mamaciyar.

A ɗakin Kaka na tashi, don mahaifina ya rasu ina ƙarami. Mu Barebari ne, kakanninmu sun zo Fagge da fataucin kanwa suka zauna, har yaren ya tsere mana sai gaisuwa da zagi. Kaka mijinta take ce mini, irin wasan kaka da jika, kuma ba ta taɓa yaba auren ba. "Mijin da ba cefane sai ci," haka take tarbata in na dawo daga shago. In na kawo mata goro ta juya shi ta ce na daushe ne, ta kuma cinye. Tana da tsabta har ta ɓaci. Tana ƙin mutum ya ce "wai" a gabanta. "Ka gani ko ba ka gani ba? In ba ka gani ba rufe mana baki."

Baffa kuwa ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. Ko yana zaune a gabanta sai ta juyo gare ni ta ce, "Gaya wa wancan rufin ɗakina yana yoyo." Ni kuma in juya in gaya masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Haka na girma ina tafinta tsakanin Hausa da Hausa.

A saman kabad ɗinta akwai wani kwano mai murfi, fari da bakin shuɗi, irin na da, fentinsa ya ɓantare a gindi. Ba a cin abinci a ciki, ba a aronsa ranar biki. Duk Juma'a sai ta sauko da shi ta wanke ta goge ta mayar. Muna yara mun ɗauka na gadon uwarta ne. Na taɓa zuba gyaɗa a ciki, dukan da na sha ran nan ya ishe ni amsa.

Yadda ta fara zuwa ɗakin karatun nan ma abin dariya ne. Malamar abokiyar cinikina ce, a wurina take sayen atamfa. Wata rana ta ba ni labarin cewa duk Asabar ɗin ƙarshen wata suna zama su tattauna littafi guda, kuma a shekarar sun zaɓi littattafan da suka shafi kisan kiyashi, inda ake tashi a shafe wata al'umma don kawai ita ce ita. Ta ce akwai kuma aji na dattawa masu son rubuta tarihin rayuwarsu. Na kawo wa Kaka labarin don mu yi hira kawai. Ta ajiye carbi ta ce, "A garin nan ake wannan zancen? Da rana tsaka?" Na ce a garin nan. Ta ce in nemo mata adaidaita ranar Asabar, in kuma sa riga mai kyau kada in ba ta kunya.

Kaka ba ta karanta boko sosai, iyakarta yaƙi da jahilci. Amma a wurin ana karantawa a bayyane ana fassarawa, ita kuma kunne gare ta. An karanta labarin wata ƙasa a Afirka inda maƙwabci ya ɗauki adda ya shiga gidan maƙwabcinsa, an karanta na Turai inda aka kwashe mutane a jiragen ƙasa. Wani matashi mai gilashi ya ce shi abin da ya kasa ganewa shi ne yadda mutum zai wayi gari ya kashe wanda suka ci abinci tare. Kaka ta ce, "Yaro, wannan ba shi ne abin mamaki ba. Abin mamaki washegari ne, da kowa zai fito ya share ƙofar gidansa ya ce bai ga komai ba." Ta gyara mayafi ta tambaya ko babu shayi.

Da aka fara ajin rubutu, malamar ta ce kowa ya zo da wani abu daga gida wanda yake tuna masa da wata rana. Wani ya kawo hoton ubansa, wata da ta gudo daga Borno ta kawo makullin gidan da aka ƙone. Kaka ta naɗe kwanon nan a zane ta ɗora a cinya. Da layi ya zo kanta ta ce ita ba za ta riƙe biro ba, bakinta ya ishe ta, mai son rubutu ya rubuta. A nan na fara jin labarin, ina da 'ya'ya uku a duniya.

Tana yarinya 'yar aike, kafin yaƙin basasa, uwarta tana da ƙawa a Sabon Gari, 'yar Ibo mai keken ɗinki, wadda ke yi musu ɗinkin salla. Matar tana da 'ya sa'ar Kaka. Kwano yana yawo tsakanin gidajen biyu, kuma Kaka ce ƙafarsa. Lokacin sabuwar doya matar ta aiko musu da dafaffiyar doya da manja. Aka cinye, Kaka ta wanke kwanon za ta mayar, uwarta ta ce, "Ke, ba a mayar da kwano fanko. Bari sai mun yi dambu." Kafin a yi dambun gari ya rikice. Aka hana yara fita, suna jin ihu daga nesa suna ganin hayaƙi.

Da ƙura ta lafa uwarta ta yi dambun, ta cika kwanon ba ta ce wa kowa komai ba, ta tura ta. Kaka ta tarar da ƙofar a ɓalle. Matar da 'yarta suna kwance a tsakar gida, ba wanda ya ko rufa musu zane. Ta juyo da kwanon a kanta, bai taɓu ba. Da ta faɗa a gida, ubanta ya ce, "Sun hau jirgi sun koma garinsu. Ba ki ga komai ba." Bayan kwanaki ta ga keken ɗinkin a wani gida a lungunmu, ta gane shi da wani tsumma ja da ke ɗaure a hannunsa. Tun daga ranar maganar gidanmu ta zama guda ɗaya, ana gadonta kamar fili: sun koma garinsu.

Dattijuwar nan 'yar Ibo tana ajin. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa daɗi, kuma a wancan tashin hankalin ta rasa yayanta namiji. Na zaci za ta rungume Kaka. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Hajiya, in kuka kika zo yi, hawayenki ba za su dawo mini da yayana ba."

Kaka ta ce, "Kin ga hawaye a idona? Shaida na kawo. Na gani, kashe su aka yi."

Daga nan suka ƙulle, irin abotar tsofaffi da rabinta faɗa ne. Suna musu a kan farashin kifi, suna musu a kan wadda ta fi wata tsufa. Kaka ta kan ce mata Madam, ita kuma ta ce mata Hajiya mai baki.

Masu gidan tarihin sun so su karɓi kwanon su sa a akwatin gilashi da ɗan bayani a ƙasa. Malamar ta lallashe ta ƙwarai, ta ce ɗalibai za su gani su yi tambaya. Kaka ta ƙi. "Aikena aka yi, Malama. In na sa shi a gilashi na ce aiken ya mutu ke nan. Kwanon mutane ne, cika shi za a yi a mayar." Matsalar ita ce a mayar wa wa. Mun yi cigiya a Sabon Gari, gidan ma an rushe an yi shagunan kayan lantarki, babu wanda ya tuna da wata mai keken ɗinki.

Sai Kaka ta yanke shawara ta kai wa Madam, tunda ita ma jininta ya zuba a unguwar. Ta sa aka yi dambu mai zogale da man shanu, muka ɗauka. Madam ta buɗe murfin, ta shaƙi ƙamshin, ta rufe ta turo mana.

"Ba zan karɓa ba."

"Saboda me?"

"Saboda in na karɓa kun sauke kaya. Ke kin faɗa a nan, cikin littattafai, inda kowa ya yarda da ke. A gidanku me ake cewa?"

Kaka ta kawar da kai, Madam ta ci gaba.

"To ranar da namijin gidanku ya faɗa da bakinsa, a ƙofar gidanku, mutanen unguwa suna ji, ki aiko. Zan ci har in suɗe."

A hanyar dawowa Kaka ba ta zage ta ba ko sau ɗaya. Cewa ta yi, "Matar nan ta fi ni gaskiya." Muka raba wa masu gadin kasuwa dambun, kwanon ya koma saman kabad.

Namijin gida kuwa Baffa ne, kuma labari ya riga ya kai masa cewa uwarsa tana zuwa Sabon Gari tana tone-tone. Ya zo da yamma ya zauna a bakin ƙofarta, ya yi gaisuwa, sannan ya fara da ni, don ni ne mai ɗauko adaidaita. Ya ce rabin masu sayen kayansa a Kwari 'yan kudu ne, ana zaune lafiya, me ya kawo tayar da tsohon miki. Ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ya ce mu ma an kashe mana manya a lokacin, wa ya zo ya ba mu haƙuri.

Kaka ta ce da ni, "Gaya wa wancan, wanda ya kashe manya yana bariki da bindiga. Wadda na gani tana kan keken ɗinki ne."

Na gaya masa. Ya ce, "Hajiya, a bar kaza cikin gashinta."

"Tambaye shi, kazar da aka yanka aka fige, wane gashi ya rage mata?"

Ya ce ai an ce mutanen sun koma garinsu, shi abin da ya taso ya ji ke nan. A nan ne Kaka ta yi abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Ta juya ta dubi ɗanta na fari ido cikin ido, ta yi masa magana ba tafinta.

"Shekarun baya da danginmu suka gudo daga Borno suka cika gidan nan, da aka ce an yanka ɗan ƙanwata a gona, me ka ce wa mutane? Ka ce ya koma garinsu? Cewa ka yi an kashe shi, ka yi kuka a masallaci, kuma ka kyauta. To jinin wancan da na wannan wane ne ruwa?"

Baffa ya sunkuyar da kai, ya tashi ya fita. Ba mugu ba ne, kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka haka. Shi ya riƙe marayun gidan, har da ni, shi ya kai Kaka Makka. Tsoro ne da shi irin na mai shago, wanda ya san wuta ba ta tambayar rumfar wa za ta ci. Bayan ranar ya ƙara mata kuɗin magani, ya kuma riƙa ce wa mutane tsufa ya fara taɓa Hajiya. Wannan kalmar ta fi komai yi mata ciwo, kuma ni ma har yau tana yi mini.

Na ce mata ni ma ai namiji ne, bari in fita ƙofar gida in faɗa. Ta yi dariya har da tari. "Kai da wa zai tsaya ya ji ka? Masu sayen rake? Jira taro, mijina. Akwai taron da zan tara maka, ba wanda zai ƙi zuwa." Ban gane ba a lokacin, na ɗauka bikin wata jika take nufi.

Ranar sadakar uku taron ya cika. Liman yana nan, mai unguwa yana nan, 'yan Kwari sun dawo, an kawo gumba da waina. Malamar da Madam su ma sun dawo, suna zaure inda ake jiyo maganar waje. Bayan addu'a liman ya yi tambayar da aka saba, ko akwai wanda mamaciya ta riƙe wa amana ko wani haƙƙi, a faɗa a sauke mata. Tambayar al'ada ce kawai, Baffa har ya fara ɗaga hannu a shafa. Sai na miƙe.

Na ce akwai. Na ce akwai kwanon wata mata 'yar Ibo mai ɗinki a Sabon Gari, ƙawar uwar Kaka, yana hannunta tun tana yarinya. Na ce ba a mayar ba ne saboda an kashe matar da 'yarta a tsakar gidansu a rikicin da aka yi kafin yaƙi, Kaka ta ga gawarwakin da idonta, kuma mutanen garin nan ne suka yi. Na ce a gidanmu an ce sun koma garinsu, ba su koma ko'ina ba.

Wani daga baya ya ce, "Wannan wurin makoki ne, ba wurin siyasa ba." Wani ya ja tsaki ya nemi takalmansa. Ban zauna ba. Na ce liman ne ya tambayi amana, ni kuma na faɗi amana, wanda yake da wata shaidar ya tashi ya ƙaryata mamaciya ga kabarinta can bai bushe ba. Ba wanda ya tashi. Wani tsoho mai sayar da hula, sa'an Kaka, ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "An yi. Wallahi an yi." Liman ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce amana dai amana ce, ko ta wane ne, a mayar. Baffa kuwa bai yi mini magana ba har aka share makoki.

Matata ce ta yi dambun. Asabar ɗin ƙarshen wata na kai ɗakin karatu, an bar kujerar Kaka ba kowa a kai. Madam ta buɗe murfin, ta wanke hannu, ta ci a gaban kowa ba ta yi tayi ba. Ta ce gishiri ya yi kaɗan, Hajiya mai baki da ta fi haka iyawa. Sai a lokacin ta yi kuka, ni ma na yi. Ta naɗe kwanon a ɗankwali ta tafi da shi, na ce a raina aiken Kaka ya isa, shi ke nan.

Ashe ban san al'adar da nake wa hidima ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna zaune a ƙofar gida da Baffa, kowa yana kallon gabansa, sai ga adaidaita. Direban ya miƙo ƙunshi ya ce wata Madam a Sabon Gari ta ce a kawo wa mai gidan nan, hannu da hannu. Baffa ya kwance. Kwanon ne, fari da bakin shuɗi, cike da dafaffiyar doya da manja, da zafinta.

Ya daɗe riƙe da murfin. Ya san abin da na sani, kwanon da ya shigo gida cike ba ya kwana a saman kabad, kuma yanzu shi aka aiko wa. 'Yar autarsa ta leƙo ta ce, "Baba, kwanon wa ne?" Ya dube ni, na ƙi taimakonsa. Na yi shekaru ina yi masa tafinta, ran nan na huta.

Ya ce, "Na wata ƙawar kakarmu ne. Kashe ta aka yi." Ya ɗauki doya guda ya dangwala a manja ya kai baki. Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida, ya ce a gaya wa uwargida gobe ta yi dambu, ta sa nama da yawa, kada a ba mu kunya.

Allah ya jiƙanki Kaka, ya yafe miki kaifin harshe, ya saka miki da abin da kika ƙi mantawa. Ya jiƙan uwar da ta cika kwanon ta tura ki. Waɗanda kika tarar a tsakar gida kuma, Allah ya san sunayensu ko da mu mun ɓatar. Mijinki dai har yanzu ba ya cefane, amma gobe shi zai ɗauki kwanon zuwa Sabon Gari.